Nawa sa ɗaya zai ci maka daga hunturu zuwa faɗuwar ruwa? Ga yadda ake lissafin

Yawancin masu turka shanu a gida ba su san nawa sa ɗaya yake ci musu ba, in ka tambayi mutum sai ya ce maka ai dai muna ta zuba masa, ranar da ya kai shi kara, wato kasuwar shanu, aka ƙirgo masa kuɗi masu kauri sai ya ɗauka duk abin da ya hau kan kuɗin saye riba ce, alhali da za a zauna a tara kuɗin dusa da harawa da ruwan da aka riƙa fitarwa kaɗan kaɗan tun Disamba, wani uwar kuɗinsa ma da ƙyar ta dawo. Kuma yanzu abin ya ƙara tsanani saboda yadda Babbar Sallah take ta matsowa, a 2024 an yi ta 16 ga Yuni, a 2025 an yi ta 6 ga Yuni, duk shekara tana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya. Kenan duk mai turka don Sallah, watannin turkensa sun faɗa tsakiyar hunturu da bazara, lokacin da daji ya ƙone ƙurmus, babu ɗanyar ciyawa ko ta magani, komai sai an saya. Shi ya sa ni a wajena abinci ake fara saye tun da kaka, sa ya biyo baya, kuma da sikeli ake lissafin.

Fara da sanin nauyin san

Ba za ka san abin da zai ci ba sai ka san nauyinsa, kuma ba sai kana da sikelin shanu ba, tef ɗin tela ya isa. Ka tsayar da shi a waje mai daidai, ka zagaya tef ɗin a ƙirjinsa dab da bayan ƙafafun gaba, bayan tozo, ka rubuta santimita nawa ne. Sannan ka auna tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya. Sai ka buga a waya: kewayen ƙirji sau kewayen ƙirji sau tsawo, a raba da 10,840. Misali ƙirji 150, tsawo 120, zai ba ka kilo 249, a ce 250. Ba zai fito cif cif ba amma ya fi ƙiyasin ido nesa ba kusa ba, kuma in da tef ɗaya da hannu ɗaya ake aunawa duk sati biyu za ka ga ko yana hawa ko yana tsaye.

Sa yana cin busasshen abinci kamar kashi 2.5 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinsa a rana. Mai kilo 250 zai fara da kilo 7 da wani abu, yana ƙiba cikinsa yana ƙara buɗewa, saboda haka in za ka riƙe shi kwana 120 ka yi lissafi a kan kilo 9 a rana ka huta, tunda harawa da dusar ma ba bushewa ƙarau suka yi ba, akwai ɗan laima a jikinsu. Kilo 9 sau 120, kilo 1,080 kenan. Sa ɗaya fa. In biyar ne kilo 5,400, sai ka je ka dubi ɗan tarin harawar da ke kan rumfarka ka ga ko zai kai ka ƙarshen Janairu.

Wajen sayen san ma akwai abin da ya shafi kuɗin abinci. Ka nemi mai babban ƙashi wanda yunwa ce ta ramar da shi ba cuta ba, irin wannan da ya samu abinci yake cikowa da sauri. Ɗan ƙaramin maraƙi abincin a tsawo zai tafi, tsoho tukuf kuma wanda haƙora suka zube ba ya iya tauna kara. Bunaji da Bokoloji sun fi zama a turke, Rahaji dogo ne mai son tafiya, yana daɗewa bai saba da igiya ba. In layya kake hari ka tuna a mazhabar Malikiyya sa sai ya cika shekara uku ya shiga ta huɗu, ka buɗe bakinsa ka duba haƙora da kanka, kar ka tsaya jin ta bakin dillali.

Sai a raba kilo taran nan

Ga rabon da ya dace da sa mai wannan nauyin, kuma duk abubuwan da ake samu ne a kasuwanninmu: kara yankakke ko busasshiyar ciyawa kilo 3, harawar wake ko ta gyaɗa kilo 2, dusar masara ko ta dawa kilo 2, dusar alkama kilo 1, tunkuzar angurya kilo 1. A kwana 120 ya zama kara kilo 360, harawa 240, dusar masara 240, dusar alkama 120, angurya 120.

Dalilin haɗawar shi ne kowanne aikinsa daban. Karan dawa cika ciki ne kawai, sinadarin gina jiki da ke cikinsa bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ba, sa zai wuni yana tuƙa yana ramewa. Harawa mai ganye tana kai 12 zuwa 15, dusar alkama wajen 15 zuwa 17, tunkuzar angurya ta haura 20, ta gyaɗa kuwa ta haura 40 sai dai tsada, ga kuma masu kaji suna rububinta. Dusar masara ƙarfi take bayarwa, ita ke sa kitse. Kowar wake in kana samu ka saka ta a madadin wani ɓangare na harawa, shanu suna sonta sosai, haka 'ya'yan gawo da suke zubowa da rani, in akwai yaran da za su tsinto maka ai abinci ne mai kyau kusan a kyauta.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne kusan rabin abin da sa yake ci a rana jikinsa ne kawai yake riƙewa da shi, numfashi da ɗumin jiki da tsayuwa, abin da ya ɗoru a kan wannan rabin shi ne yake zama nama. Toh in ka ce za ka yi tsimi ka rage dusa, ɓangaren naman ka yanke, na riƙon jikin kuwa dole ka biya shi kullum. Mai ƙwauron abinci a turke shi ne ya fi kowa kashe kuɗi, don zai yi wata shida yana biyan kuɗin numfashi.

Ka mayar da kowane farashi zuwa kilo

Nan ne aikin yake. A kasuwa ba a sayar da harawa da kilo, dami ne ko buhu, dusa kuma kwano ko tiya ko buhu, kuma buhun wani ba buhun wani ba ne, damin kaka ma ba damin bazara ba ne, sunan dai ɗaya amma da Afrilu za ka ga ya tsuke kamar an sa masa ɗamara. Ka sayi ɗan sikelin ratayawa irin na masu sayen kayan gwangwan, ka rataya buhun ka ga kilo nawa ne, ka raba kuɗin da kilon. Da haka kaɗai za ka san buhun da ya fi araha a baki ko shi ya fi tsada a ciki.

Bari in ɗauki wasu lambobi don a ga yadda lissafin yake tafiya, misali ne kawai, kai ka cire su ka sa na kasuwarku na wannan satin. A ce kilon kara naira 50, harawa 200, dusar masara 300, dusar alkama 350, angurya 400. Cin rana ɗaya ya zama 150 da 400 da 600 da 350 da 400, jimla 1,900. Sau 120, naira 228,000 a kan sa ɗaya, abinci zalla.

Yanzu a duba me kuɗin nan ya saya. Da irin wannan abincin, san gida mai lafiya yana iya ƙara tsakanin rabin kilo zuwa kilo ɗaya a rana, a ɗauki gram 700. Kwana 120 ya ba ka kilo 84, san ya tashi daga 250 zuwa 334. Raba 228,000 da 84, kowane kilo da ya ƙaru ya ci maka wajen naira 2,700. In kuwa tsutsar ciki ko rashin ruwa ko gurɓatacciyar dusa ta sa gram 400 kawai yake ƙarawa, kilo 48 kenan, kowane kilo ya koma 4,750 da abinci iri ɗaya. Wannan lambar ita ce za ka riƙe. Sai ka je Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis ko Potiskum ranar Laraba ko duk karar da ke kusa da kai, ka dubi san da ya yi girman wanda kake fatan fitarwa, ka ji nawa aka sallama shi, ka raba da nauyinsa. In kilon da kake ginawa ya fi kilon kasuwa tsada, toh ribarka ta rataya ne kawai a kan bambancin farashin ramamme da na ƙosasshe da kuma tashin kasuwar Sallah, kuma wannan ba a hannunka yake ba.

Asarar da ba a gani

Kar ka sayi daidai abin da lissafi ya ba ka. Kara in aka watsa shi dogo dogo a ƙasa, ganyen kawai sa yake zarewa, sauran ya tattake ya yi fitsari a kai, za ka iya rasa kashi ɗaya cikin uku ko fiye. A sassare shi da adda gajeru kamar tsawon ɗan yatsa, ko a kai injin yanka in akwai a garinku, a zuba a komi ko rabin duro, a ɗan yayyafa ruwan gishiri ko na kanwa a barbaɗa dusa a kai, za ka ga ya cinye har ɓargon. Ko da haka ka ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan kara, 10 a kan harawa.

Harawa kuma darajarta a ganye take. Wadda aka bari a kan rufin ɗaki rana tana dukanta wata uku sai ta yi fari fat, ganyen ya kakkaɓe, igiyoyin kawai suka rage. A ɗaure ta da sassafe tana da ɗan sanyin raɓa don kar ganyen ya marmashe, a ajiye a inuwa, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara, kuma don Allah a nisanta ta da madafa, gobarar hunturu ba ta jiran kowa. Wadda ta yi funfuna musamman ta gyaɗa a zubar, kar a ce ai dabba ce.

Dusa ita ce aka fi yi wa algus. Ana niƙa buntun shinkafa a cakuɗa, wani har yashi yake ƙarawa don nauyi. Kafin ka biya ka ɗebi tafi ɗaya ka zuba a kofin ruwa ka motsa ka ɗan jira, buntun zai taso ya yi iyo a sama, yashin ya kwanta a ƙasa ka ji shi ƙaras ƙaras da yatsa. Ka kuma zura hannu can tsakiyar buhun, in ka ji ɗumi ko wari mai tsami, da laima aka ɗura ta, ba za ta yi sati biyu ba. Dusar surfe ta gida in za a tara sai an shanya ta ta bushe sosai.

Lokacin saye

Kara da harawa da kowar wake, Oktoba zuwa Disamba ake tara su, ana cire amfani manomi yana neman kuɗin biyan 'yan ƙwadago, a gona ma za ka saya. Daga Fabrairu farashi yake fara tashi, Afrilu da Mayu kuwa mai harawa shi ke da gari. A misalinmu na sama, in harawa kaɗai ta ninka kuɗi, naira 400 ta ƙaru a rana, 48,000 a kwana 120, shanu biyar 240,000, wato ka ciyar da sa na shida wanda babu shi. Ka kuma sa kuɗin mota a cikin farashin, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ɗauko kaya mai cika mota marar nauyi irin kara daga nesa ya daina zama araha, gara na kusa da amalanke ko da ya ɗan fi kuɗi. Tunkuzar angurya tana ajiyuwa in wuri busasshe ne, ita ma a saya da wuri. Dusar masara ce ba na son a tara ta wata huɗu, tana da maiƙo tana yin ɗaci, a saya ta wata wata.

Wanda ya noma kayansa kuma kar ya ce kyauta ne. Harawar gonarka kuɗi ce, ka rubuta ta a farashin da za ka sayar da ita. Ni har gwaji nake cewa a yi: da ka ajiye harawar da kowar ka sayar a Afrilu, nawa za ka samu ba tare da ka kwashe kashi ko ka ɗebi ruwa ba? In san bai ba ka abin da ya fi wannan ba, ai cinikin harawa ya kamace ka.

Gyaran kara da takin yuriya

Wannan dabara ce da cibiyoyin bincike irin NAPRI da ke Shika a Zariya suka daɗe suna koyarwa, tana rage kuɗin harawa amma tana son kula. Kara yankakke ko bambaron shinkafa kilo 100, yuriya kilo 4, a narkar da ita sarai a ruwa kamar jarka uku. A shimfiɗa leda a rami, a zuba kara a yayyafa ruwan a tattake, a ƙara wani a yayyafa a tattake, har ya ƙare, a rufe ruf iska ba ta shiga, a danne da ƙasa, a bar shi sati uku. In an buɗe zai yi launin ruwan ƙasa ya yi laushi da wari mai hawa kai, a ɗebi na gobe a baza ya sha iska kafin a ba su. Sinadarin gina jikin yana kusan ninkawa kuma sun fi cinsa. Amma fa ruwan yuriyar nan guba ne, in sa ya kafa kai ya sha zai iya mutuwa a cikin awa guda, kar a bar bokitin a tsakar gida, kar a ba ƙananan maruƙa, kar a ba jaki ko doki, kuma a fara da kaɗan.

Haka ita ma dusa, san da ya fito daga daji bai santa ba. Ranar farko rabin kilo, ana ƙarawa a hankali har sati biyu kafin a kai cikakken awo, a raba safe da yamma, a fara ba shi kara ko harawa tukuna. Wanda aka cika wa komi da dusa ko ragowar tuwon biki rana ɗaya, cikinsa yake kumbura ko ya kama zawo ya daina ci, sati biyun da kake gudu sai ka yi asarar wata. A kuma tsince leda a wajen turke, sa mai kwaɗayin gishiri har tsumma yake haɗiya.

Sauran kuɗaɗen da ake mantawa

Ruwa. Da sanyi sa yana shan lita 25 zuwa 35, da zafin Maris da Afrilu ya kai 50, ka ɗauka jarka biyu a rana, jarka 240 kenan a kwana 120, in a wajen 'yan garuwa kake saye ka buga ka gani. Sa in bai ƙoshi da ruwa ba ba ya cin busasshen abinci, saboda haka nan ba wajen tsimi ba ne. Gishiri kamar cikin tafin hannu ɗaya a rana ya isa ko a rataya masa dutsen lasa, kanwa kuma 'yar kaɗan, ba a cika ta.

Magani a makon farko ake yinsa, kafin a fara zuba abinci mai tsada: na tsutsar ciki da na hanta, musamman in daga fadama ya fito, da na kaska, in alamun sammore sun nuna a kira malamin dabbobi. Rigakafin ciwon huhu da harbin daji da ake yi a cibiyar Vom ta jihar Filato a tambaya a asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma. Sabon sa a ware shi sati biyu kafin ya haɗu da na gida saboda ɓoru, ciwon baki da kofato. Kuma kowace allura akwai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar da za a jira kafin a yanka, allurar tsutsa ta ivermectin wajen wata guda ne ko fiye, kar a yi wa sa allura ana jibi Sallah.

Sai zana ko buhunan da za ka kare turken ta gabas maso arewa inda iskar hunturu take bugowa, don san da yake kwana yana rawar ɗari abincinsa a ɗumama jiki yake tafiya, da rumfar inuwa in zafi ya shigo. Sai igiya, kuɗin yaron da yake kula, ko kai ne da kanka ka yanka wa kanka albashi, Hajiya mai turke a cikin gida ke ma haka. Kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin shiga kara, la'adar dillali sau biyu. Ka kuma ware wani abu, ko kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shanun, saboda wanda zai karye ko ya ƙi ci a sayar wa mahauta a wulaƙance. Abu ɗaya ne yake dawo maka da kuɗi a tsakiyar tafiya, taki, a tara shi wuri guda a inuwa, masu lambu da manoman rani suna saye, in kuma gonarka za ka kai ka rubuta shi a matsayin kuɗin da ya shigo.

Yaushe za a tsaya

Ka ci gaba da sa tef duk sati biyu kana rubutawa a littafi ɗaya da kuɗin abincin. Watanni biyun farko za ka ga yana hawa da sauri, daga nan sai ya fara ja, yana cin abinci fiye da da amma ƙarin ya ragu saboda kitse ya fi nama cin abinci. Duk sati biyun da kuɗin abin da ya ci ya fi kuɗin kilon da ya ƙara, turken ya gama aikinsa. In Sallah saura sati uku ne ana iya riƙe shi a rage dusa kaɗan don kar ya zube, in kuwa saura wata biyu ne ka nemi mahauci ko ɗan kasuwar da yake loda Kudu ka sallama. Wanda kuma ba ƙiba yake nema ba, garken gida yake son ya fitar daga rani da rai, kara wadatacce da ruwa da gishiri da kilo ɗaya na angurya ga kowace babbar saniya yana riƙe su, masu ciki da masu shayarwa a fifita su da harawa. Kuma ka lissafa abincinka har sati uku bayan ruwan farko, don sabon tsiron nan ruwa ne zalla, zawo yake sa su, gyauron dawa ɗanye kuwa yana da guba, a ci gaba da ba su busasshe da safe kafin a sake su.